Rumbun Soja

Ruwan bana ya yi irin halin nan da na tsana. Ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, sai ya ɗauke ya bar gero yana murɗewa a rana. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gidan da nake haya a Anka, maƙwabciyarmu ta ɗora tafasa a wuta. Ƙanshin ganyen nan ya tsallako katanga ya same ni, sai ga ni a tungarmu, cikin daminar da muka buɗe rumbun Soja.

Soja kakana ne, mahaifin babana. Sunansa Umaru, kuma shi aka mayar mini. An tafi da shi yaƙin Bama, na zamanin Turawa, lokacin babana yana goye, bai dawo ba, ba a kuma aiko an ce ya mutu ba. Matarsa, wadda muke kira Kaka, ta jira har danginta suka gaji suka kai magana gaban alƙali. Aka raba auren, aka yi mata wani a ƙasar Gummi, bai je ko'ina ba ta tattaro ƙwaryarta ta dawo ɗakinta wurin ɗanta. Ba ta taɓa faɗin sunan mijin nan ba, don haka ni ma nawa sunan ya haramta a bakinta. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, in yi mata tsiyar haƙoran da suka zube.

Wanda ya riƙe gidan shi ne Baba Garba, yayan Soja. Shi ya yi wa babana kaciya, shi ya yi masa aure, shi ya yanka ragon sunana. Mutum ne marar yawan magana, ba ya zaman dandali, ba ya zuwa kallon dambe. Yana da wata al'ada da duk tungar ta sani. Bayan gonar gandu da muke nomawa tare, akwai gayaunar ƙanensa a gindin tsamiya, bakin hanyar shigowa gari. Duk shekara shi yake nome ta da hannunsa, ya zuba geronta a wani ƙaramin rumbu bayan ɗakin Kaka, ya liƙe bakin da laka. Ba a taɓa shi sai sabo ya shigo, sannan a fitar da tsohon a ba Kaka. Idan an tambaye shi sai ya ce mutum ba ya dawowa daga tafiya ya tarar ba shi da abin ci. Muna yara muna ganin ba wanda ya kai shi riƙon zumunci.

Daminar da nake magana ta faɗo a ƙarshen mulkin soja, ina koyarwa a firamare, ban daɗe da aure ba. Babana ya rasu a bazarar da ta gabata, kuma tun rasuwarsa wani ƙaiƙayi ya kama ni na sanin asalinmu. Na bi tsohon wanzamin gidanmu ya bayyana mini zanen da ke kumatunmu da inda aka samo shi. Na bi maroƙin da ya gaji yi wa gidanmu kirari, ya jero mini kakanni da kakannin kakanni, wane ya haifi wane, wane ya sari dajin da ya zama gonarmu. Amma da ya iso kan Umaru sai ya ce na Bama, ya tsallake. Kowa a jerin nan yana da kushewar da za a nuna, ban da shi.

Ruwan farko ya sauka kamar da gaske. Muka fita da sungumi, maza suna sara mata da yara suna bi suna zuba iri suna takewa. Gero ya fito kore shar, sai sama ta bushe. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi, mu koma gida da ƙura a baki. Shuka ta ƙone muka sake, ta biyun ma rabi ta tsira. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, tsofaffi da riguna a juye, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Irin da muka zuba sau biyu kuwa daga cikin abincinmu ya fito.

Da ruwan ya dawo sai ya dawo da fushi. Ciyawa ta taso ta fi gero sauri, ga noma ya kama, ga babban rumbu ya kai ƙasa. Inna, mahaifiyata, ita ke awo, na ga yadda ƙwaryar awon take raguwa har aka koma tuwo sau ɗaya, da daddare. Da rana sai kwaɗon tafasa ko rama, ƙuli-ƙulin ma don a ce an sa. Furar da ake kai mana gona ta zama ruwa mai launin fura, kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Matan Fulanin da ke mashekari kusa da mu sukan kawo nono su karɓi dusa, a shekarar har dusar muka hana su, don mu ma ita muke tankaɗewa. Gayya ba ta mutu ba, amma ta zama ta kunya. Mai gona ba ya iya ciyar da kowa, sai kowa ya zo da gorar ruwansa, a yi noma ba kiɗa, a watse kafin azahar saboda jiri.

Sannan marka ta shigo. Yayyafi ba dare ba rana, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakuna, katangu suna zubewa, sauro ya samu gari. Yara suka fara kwanciya da zazzaɓi a kan yunwa. A nan ne Inna ta aike ni in roƙi Baba Garba a fasa rumbun Soja. Na je da ladabi, ya ce a'a. Na koma ba ladabi sosai, na ce masa jikokin mai rumbun ne suke kwana da yunwa, ya dube ni ya ce ba a taɓa ba, ba kuma za a fara a kansa ba. Na fito ina huci. A raina na ce wannan ba zumunci ba ne kuma, taurin kai ne na tsufa.

Cikin markar nan zazzaɓi ya kayar da Kaka. Da ta ɗan samu kanta ta sa aka kira ni. Na same ta a kan gadon kara, ta rame har zoben hannunta yana yawo. A saman kanta, cikin jinka, laujen mijinta yana soke inda yake tun ina yaro. Bahago ne shi, maƙeri ya juya masa bakin laujen, ba mai iya yanka da shi a gidan. Ta sha ba mu labarin yadda ake ajiye shi a ƙarshen layi ranar gayya, don kada ya sare ƙafar na kusa da shi.

Ta ce, “Maigida, kai da kay yi boko, ka tahi ka biɗo min labari. In ya mutu a hwaɗa min. Duw wanda yam mutu garin ga an yi mai sadaka, har baƙo. Shi ɗai na ba a taɓa ce ma Allah shi jiƙan shi ba.”

Na ce mata ga miji a gabanta tana neman wani, wannan ai cin fuska ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ta jin za ta ga sabon gero, kuma ba ta son ta je can ya tambaye ta abin da ya hana a yi masa sadaka. A lokacin na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Shekara hamsin da ɗoriya, idan an ambace shi, abin da take cewa shi ne Allah ya maido shi. Ba ta da ikon yi masa addu'ar matattu, tunda ba wanda ya ce mata ya mutu.

Makaranta tana hutu, sai na bar wa ƙannena noma na hau motar kasuwa zuwa Gummi, inda aka ce tsofaffin soja sukan taru. Mun fi tura motar nan fiye da yadda ta ɗauke mu. Na samu tsofaffi biyu. Ɗaya kurma ne, duk abin da na ce sai ya sara mini. Ɗayan kuwa ba abin da ya rage masa na yaƙin sai jirgin ruwa da aman da ya sha a cikinsa. Da na ce Umaru daga ƙasar Anka sai ya yi dariya, ya ce Bature ba ya tambayar sunan uba, garin da ka fito shi ne sunanka, Umaru Anka kuwa ya san sun fi a ƙirga, ba kuma wanda ya fito daga tungarmu. Amma ya ce in nemi Kofur Labbo a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, hayin gulbi, shi kansa bai ruɗe ba tukuna.

Gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwan ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. Na shiga kwalekwale ina karanta duk abin da na haddace. A hayi na bi ta cikin dawa, laka tana cire mini takalmi, har na isa da rana tsaka. Na tarar da Kofur Labbo a rumfa yana tufkar igiyar rama, dogon tsoho, idonsa tar. Aka kawo mini kunu tsararo, ya ba ni haƙuri, ya ce bana kowa haka yake.

Bai yi mini labarin harbi ba. Ruwa ya yi ta ba ni labari. Ya ce wannan markar da muke kuka da ita wasa ce, a can ruwa yakan ruɓar da takalmi a ƙafar mutum, matsattsaku su shiga ko'ina, ga kaya a ka ana hawan dutse cikin dajin da ba a ganin rana. Abinci daga jirgin sama ake jefo musu, ranar da hadari ya rufe kuwa sai a ɗaure ciki. Sai da ya gaji don kansa ya tambaye ni daga ina. Na faɗa masa sunan tungarmu. Ya ajiye igiyar.

Ya ce, “Mutum guda nis sani daga can. Garba. Ni nig gina mai kushewa da hannuna.”

Na yi murmushi irin na yaron da ya kama babba da kuskure. Na ce masa Garba yana nan da ransa, kwanan nan ma muka yi faɗa da shi, wanda nake nema ƙanensa ne Umaru. Ya girgiza kai, ya ce shi bai san wani Umaru ba. Garba dai, mai irin zanen da ke fuskata, bahago, wanda ya sha duka wurin saje kafin ya koyi riƙe bindiga da dama.

Kofur Labbo ya ci gaba, bai san abin da yake yi mini ba. Ya ce ba harsashi ya kashe shi ba, zawo ne da zazzaɓi, a tsakiyar damina. Kafin ya cika ya yi ta maganar ɗansa da ya bari a goye da wata gona a gindin tsamiya. Su Musulmin da ke wurin suka yi masa wanka, suka yi masa salla, suka rufe shi a gefen tudu inda ruwa ba zai tone ba. Bayan an sallame su, Labbo bai yi wata guda a gida ba ya tako da ƙafa har tungarmu don ya kai ta'aziyya. A bakin gari ya ga wani yana noma a gindin tsamiya, ya tambaye shi gidan su Garba da ya tafi soja. Mutumin ya ce shi ne yayansa. Da ya ji saƙon sai ya zauna daɓas a cikin gona. Daga baya ya roƙe shi kada ya shiga gari, uwarsu tana kwance, labarin zai ƙarasa ta, shi zai faɗa da kansa idan ta samu sauƙi. Ya ba shi furarsa ya sha, ya raka shi har rafi.

Kofur Labbo ya ce, “Tun ran nan ban taɓa sallame salla ban ce Allah shi jiƙan Garba ba. Abokina na.”

Ban iya gaya masa ba. Na yi godiya na taso. Duk hanyar dawowa ina shirya maganganun da zan watsa wa Baba Garba, masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Na tuna babana, wanda har ya yi furfura idan motar kasuwa ta sauke baƙon tsoho sai ya bi shi da kallo.

Na iso da la'asar, ban shiga gida ba, na wuce gindin tsamiya. Yana can. Bayansa ya daina yarda da fartanya, sai ya durƙusa a kan gwiwa yana cire ciyawa da hannu, rigarsa ta jiƙe ta manne da haƙarƙari. Duk maganganun da na shirya suka watse. Na ce masa kawai, Baba, Kofur Labbo yana gaishe ka. Bai tambaye ni wane ne haka ba.

Ya yi magana yana kallon ciyawar da ke hannunsa, ba tare da ya ɗago ba. Ya ce shi aka rubuta. Da aka ce kowane gida mai maza biyu ya ba da ɗaya, sunansa mai gari ya bayar. Ranar da dogarai suka zo sai tsoro ya kama shi, ya shige cikin dawa ya kwanta. Yana jin su a ƙofar gida suna kiran Garba, suna cewa idan bai fito ba za a tafi da mai gari a ɗaure. Sai ya ji muryar ƙanensa ta amsa. Mata suna cikin gida, abin da suka sani kawai an tafi da Umaru.

Ya ce, “Da baƙon nan yaz zaka, nic ce sai uwarmu ta warke. Ba ta warke ba, ta tahi tana tambaya tai. Nic ce sai an yi girbi. In na hwaɗi ya mutu, sai an tambaye ni wa yak kawo labari, in an biɗo mutumen shi ce Garba yab binne. Girbi yaw wuce, wani yaz zaka. Daga nan bakina yaƙ ƙi buɗuwa.”

Na so in tsane shi, wallahi na so. Amma mutumin da ke durƙushe a gabana shi ya goya ni a wuya zuwa kasuwa, kuma na ga abin da gonar nan ta ci a jikinsa. Na ce masa Kaka tana jira, ko ya faɗa ko in faɗa. Ya miƙo hannu na tashe shi.

Bai taɓa shiga ɗakinta ba a rayuwarsa, ranar ma a bakin ƙofa ya tsuguna, yayyafi yana sauka a kansa. Ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ina tsaye ina jiran kuka ko zagi, ba ko ɗaya. Ta juyo ta tambaye ni ko an yi masa salla, na ce an yi. Ko an rufe shi da kyau, na ce a kan tudu. Ta gyaɗa kai. Can ta ce, a hankali, yaron nan ya tafi bai sani ba, tana nufin babana. Wannan ce kaɗai maganar da ta yi da ta shafi Baba Garba, kuma na ga inda ta same shi.

Washegari da safe shi da kansa ya ɗauko gatari ya fasa lakar bakin rumbun. Ƙanshin tsohon gero ya fito, muka yi ta miƙo damma. Matan unguwa suka taru a kan turame, sussuka da surfe da daka, irin ƙarar da tungar ta kwana biyu ba ta ji ba. Aka yi gumba, aka tuƙa tuwo a manyan tukwane, har mutanen mashekari suka zo da nono ba a roƙe su ba. Yara suka ci har suka yi barci a zaune. Na ci ni ma, ina jin kunyar daɗin da yake yi mini.

A zaure aka gaya wa liman yadda abin yake. Ya ce addu'ar Kofur Labbo ba ta ɓata ba, Allah ya san wanda ake nufi ko da an kira shi da wani suna. Kowa ya ce haka ne. Baba Garba yana rakuɓe a lungu, bai taɓa tuwon ba. Ya ce, ba da kowa yake ba, “Ya tahi da sunana, yam mutu da shi. Addu'ar ma da aka yi mai, ni nika ci.”

Kaka ba ta ga sabon gero ba, kamar yadda ta faɗa. Liman ya ce babu takaba a kanta, ta ce ta ji, ta cire 'yan kunnenta da zoben nan ta daina sa kwalli, a haka ta cika. Baba Garba ya ƙara damina biyu, bai sake liƙe rumbun ba. Yau tungar kango ce. Samari sun fara barin fartanya suka bi dutsen zinariya, daga baya rashin kwanciyar hankali ya kwashe sauran mu, ko gindin tsamiyar ba na iya zuwa. Laujen yana nan wurina, 'ya'yana suna ganin tarkace ne.

Abin da ƙanshin tafasar jiya ya dawo mini da shi ba yunwar ba ce. Ranar sadakar, bayan an shafa fatiha a zaure, na shiga in gaya wa Kaka an gama. Ta sa an zaunar da ita ta jingina da bango, ga 'yar gumba a ƙwarya a gabanta ba ta taɓa ba. Ta ɗaga tafukanta biyu. Bakinta ya motsa sau biyu ba abin da ya fito, kamar mai koyon magana. Sannan ta ce, da muryar da ta isa har tsakar gida, “Allah shi jiƙan Umaru.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Saura kaɗan in amsa.